Yadda Muka Je Fatakwal Duba Ceton Istifanus

Tun da muka dawo daga Kudu ban huta ba. A gona a tare ni, a bakin rijiya a tare ni, ran Lahadi kuwa kafin in fita daga majami'a an kewaye ni: "Ayuba, yaya ƙasar Ibo? Da gaske ne Dattijo Haruna ya yi limanci a Inugu?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara gishirinsa kafin ya kai wa na gaba. Malaminmu na ajin Yaƙi da Jahilci ya ce tunda hannuna ya faɗa, in rubuta sau ɗaya in huta. To ga shi. Dattijo Haruna bai yi limanci ba. Abin da ya yi zan faɗa, da izininsa, ko da yake lokacin da ya ba ni izinin bango yake kallo.

Ƙanena Istifanus mahauci ne. Ya tafi Fatakwal tun kafin rikici, yana aiki a mayanka tare da mahautan Kano da na Katsina. Da aka fara kashe-kashe aka kwaso mutanenmu a jirgin ƙasa zuwa Arewa, ba shi a ciki. Yaƙi ya zo ya rufe hanya. Muka yi makoki ba gawa. Sai bayan an ajiye bindiga wani mai kai shanu ya biyo ta kasuwarmu ya ce ya gan shi da ransa, amma yanzu Isiyaku ake kiransa, kuma da idonsa ya gan shi a cikin sahu ana salla.

Rabin labarin ya ta da Inna, rabin ya kwantar da ita. Innarmu tana cikin matan farko da aka yi wa baftisma a rafin garinmu, yanzu ta tsufa, idonta ya yi hazo. Ta ce lokacin da take zaton ya mutu ta san inda za ta same shi, yanzu da yake da rai ba ta sani ba. Ta bar tuwo sai kunu. Ta bar zuwa Jibin Ubangiji, ta ce ba za ta ci a teburin da ba a ajiye wa ɗanta wuri ba. Ta sa aka kira mata dattawan ikkilisiya biyu ta yi musu tambaya ɗaya: ɗana yana da cetonsa, ko ya zubar?

Da ta san abin da za ta tono, da ta kira ɗaya. Dattijo Haruna dogo ne, farin gemu, babbar riga, in yana wa'azi har zafin wutar kake ji a bayanka. Dattijo Bulus gajere ne mai tumbi, dariya ba ta yi masa wuya. Taubasai ne, tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan ko farashin gishiri ba. Haruna ya ce mai bi yana iya faɗuwa ya hallaka, Littafi ya faɗa. Bulus ya ce wanda aka cece shi an cece shi ke nan har abada, Littafi ya faɗa. Aka juya ga fastonmu, wanda bai daɗe da fitowa makaranta ba. Ya ce zai sa abin a addu'a, ya hau kekensa.

Inna ta ce, "Tunda a nan ba ku sani ba, ku je can ku gano. Ayuba ya raka ku, kada ku kashe juna."

Muka sami lorin albasa na wani direba Bakano mai suna Tanko, wanda ke sauke kaya Inugu da Anaca da Fatakwal. Muka hau bisa buhuna. Kafin mu kai Lafiya mota ta faɗa rami, tabaran Haruna ya faɗi, Bulus ya zauna a kai. Haruna ya ce da gangan ne. Bulus ya ce an ƙaddara haka tun kafin a kafa duniya. Shi Bulus ba ya buɗe Littafi, ayoyin da yake so suna kansa, waɗanda ba ya so bai san inda suke ba. Saboda haka karatu ya dawo kaina, ni da nake bin baƙi da yatsa. Mota na tsalle, yatsa na zamewa, in fara ayar wannan in ƙare a ta wancan, su duka biyu su yi mini tsawa.

Bayan Makurɗi, wajen tsohuwar iyakar Arewa da Gabas, muka tarar da shingen soja: ganguna da katako mai ƙusoshi. Wani saje ya leƙo.

"Ku kuma me za ku sayar a Fatakwal?"

"Ba ciniki za mu ba, ranka ya daɗe," in ji Bulus. "Ceton wani yaro za mu dubo."

Tanko ya dafe kai. Ashe sajen mai bi ne, mutumin kan dutse, kuma wannan gardamar ce ta raba tantinsu biyu duk tsawon yaƙi. Ya sa aka kawo masa kujera a inuwa, ya tsai da dattawa a rana, ya ce kowa ya kawo hujjarsa. Bulus ya sa na karanta inda Ubangiji ya ce tumakinsa suna hannunsa, ba mai iya fizge su. Haruna ya sa na karanta inda ake sare reshen da bai yi 'ya'ya ba a jefa wuta, da inda aka ce wanda ya yi musun Ubangiji a gaban mutane, shi ma za a yi musunsa a sama.

"Ba mai fizgewa aka ce," in ji Bulus.

"Ba a ce tunkiya ba ta iya tsalle da ƙafarta ba."

"Kai ka taɓa ganin tunkiya ta ƙwace daga hannun Bafulatani, balle hannun Ubangiji?"

"Na gan ka kana ƙwacewa daga hannun matarka ran kasuwa."

Motoci suka yi layi a bayanmu, albasa ta fara gumi. Can saje ya miƙe ya gyara ɗamara ya yanke hukunci: "Wanda ya gudu daga soja, soja ne har ranar da aka kamo shi. Ku wuce."

Muna hawa mota Bulus ya ce, "Ka ji ko? Soja ne har yanzu." Haruna ya ce, "Ka ji ko? Kamo shi za a yi." Kowa ya tafi da nasara.

Daga nan ƙasa ta sake. Gidaje ba rufi, motoci ƙonannu a gefen hanya, yara masu siraran ƙafafu suna miƙo lemo ba sa ko kiran ciniki. A wannan zangon kaɗai na ji dattawan nan shiru.

A Inugu ƙarfen ƙafar mota ya karye, Tanko ya ce sai an yi kwanaki kafin a sami wani. Ya kai mu masaukin wani Alhaji Garba a bayan kasuwar Ogbete, inda Hausawan da suka fara komowa suke sauka. Al'adar wurin mai kyau ce: baƙo daga Arewa ba a tambayarsa komai sai ya sha ruwa ya ci abinci. Tun a gida an tsorata mu cewa masauki irin wannan ba ya karɓar Kirista. Ni da na gai da Alhaji na faɗa masa abin da nake, don kada ya ji a bakin wani. Bulus kuwa sunansa ya riga shi faɗa. Alhaji ya ce ba komai, ya nuna mana shago inda ake jibge buhuna.

Sai ya juya ya ga Haruna da gemunsa da rigarsa, ya rusuna. "Sannu da hanya, Malam. Allah ya gafarta Malam. A kai kayan Malam ɗakin gado."

A nan ne ya kamata Haruna ya yi magana. Na ga bakinsa ya buɗe. Sai aka wuce da akushi, kaza a kwance bisa shinkafa, aka nufi ɗakin gado da ita. Bakin ya rufe. Ya bi akushi.

Da rana ta karkata aka kira salla, mutane suka ɗauki butoci. Alhaji ya zo ƙofar ɗaki ya ce limaminsu tun da aka watse bai komo ba, yau Allah ya kawo musu malami har gida, Malam ya taimaka ya ja su. Ina zaune a kan buhu ina kallo. Haruna ya dubi Alhaji, ya dubi sahu, ya kama cikinsa da hannu biyu.

"Wayyo! Ruwan hanya, Alhaji. Ku yi, kada ku jira ni."

Ya suri buta ya yi bayan gida. Bai fito ba sai da aka sallame.

Alhaji Garba mutum ne mai kula da baƙo. Nan take ya sa aka jiƙa ɓawon maɗaci da sabara a tukunya, ya cika ƙoƙo, ya tsaya a kan Haruna har ya shanye. Ya kuma ce mai ciwon ciki ba ya cin maiƙo, daga yau Malam sai koko ba sukari. Kazar a kai wa yaran Malam a shago.

Haka muka zauna. Duk kiran salla ciki ya murɗa, duk fitowa daga bayan gida ƙoƙo yana jira. Cikin da yake lafiya lau, da ya sha maɗaci sau biyar a yini, sai ya fara ciwon gaske. Ni da Bulus muka yi ta fama da kaji. Bulus yakan ɗauki cinya ya je ƙofar ɗakin gado ya tsuguna.

"Allah ya gafarta Malam, yaya jiki? Akwai wata aya da Malam ya sa aka karanta wa saje, ta masu musu a gaban mutane. In kira Ayuba ya maimaita?"

"Ban yi musu ba," in ji Haruna a hankali, yana leƙen tsakar gida. "Shiru na yi."

"Shirun ya yi ɗaci kuwa."

Ranar da za mu tashi Alhaji ya rako mu har mota, ya riƙe hannun Haruna ya ce ya so ƙwarai ya ji karatun Malam, amma lafiya uwar jiki. Na ga ya ja Tanko gefe ya ba shi wani abu a ƙunshe cikin tsumma.

Anaca ta fi Inugu shan wuta. Babbar kasuwar da ake ba mu labari tun muna yara ta zama ƙarafa a tsaye, gadar kogin Kwara a karye, amma mutanen garin sun kafa tebura a kan toka suna ciniki kamar jiya aka buɗe. Mata ne riƙe da kasuwa, kuma ba sa ɓata lokaci a gaisuwa. Kalma ɗaya, amsa ɗaya, sai me za ka saya. Ni da na saba tambayar gida da gajiya da yara da sanyi, kafin in kai ga gajiya an sallami mutum uku.

Lahadi ta same mu a can. Muka bar unguwar Hausawa a bakin ruwa muka hau gari muka sami wata majami'a, rabin rufinta babu. Da muka shiga da rigunanmu da huluna, waƙa ta mutu. Mai bishara ya tsaya da hannu a sama. Wasu mata suka jawo 'ya'yansu. Ba mu jin Ibo, ba sa jin dalilinmu, a wurinsu Bahaushe da Kirista ba sa zama a riga ɗaya. A nan Bulus ya yi abin kirki, ba zan hana shi ba. Ya cire hula ya ɗauki waƙar da suka yanke, don muryarta ɗaya da wadda muke yi a gida, ya ci gaba da ita da Hausa. Kaɗan kaɗan suka shigo da harshensu. Da aka tashi wata tsohuwa ta tare mu da Hausa tsantsa.

"Ku 'yan ina ne?"

"Zazzau, Mama."

"Ni ma," in ji ta. Sunanta Mama Rosa, ta tsufa tana sayar da burodi a Sabon Garin Zariya. Na tambaye ta maigida. Ta ce, "Yana can Zariya, a ƙasa." Ba wanda ya sami aya a cikinmu. Ita ce ta kama hannuna ta ce mu zo mu ci abinci.

A gidansu na ga yadda Ibo ke cin goro. Ƙanen mijinta ya kawo ƙwaya ɗaya a faranti, aka zaga da ita kowa ya gani, ya ɗaga ta sama ya yi mata addu'a mai tsawo, sa'an nan ya fasa mu takwas muka raba. A gida kafin ya gama addu'ar nan an ga bayan huhu guda. Aka kawo tuwon rogo mai tsami da miyar ganye. Ba a taunawa, haɗiya ake yi. Haruna ya ci loma biyu cikinsa ya tuna masa da Alhaji.

Sai aka kawo bammi a gora. Ikkilisiyarmu ta hana sha, ni da Haruna muka yi godiya. Bulus ya sansana ya ce wannan ai ruwan itace ne, kuma ƙin abin mai gida rashin ƙauna ne. Ya nuna ƙauna ƙoƙo ɗaya, ya ƙara nuna ta, ya yi ta nunawa. Haruna ya taɓa shi, Bulus ya ce, "Bar ni, taubashi. Wanda ke hannu yana hannu."

Da za mu gangara bakin ruwa inda mota take, ƙafa ta ɗauke shi ya faɗa taɓo har ƙugu. Haruna, wanda tun Inugu yake tafiya kamar kazar da ruwa ya doka, nan take ya warke.

"Ayuba, buɗe Littafi! Nemo mini wajen aladen da aka wanke ya koma birgima!"

Na fara nema da yatsa. Wurin yana can ƙarshe, shafuffukan kuma sun manne da danshi.

"Ku ciro ni tukuna," in ji Bulus, "ayar ba gudu za ta yi ba!"

"In ciro ka? Ai kai ka ce ba mai iya fizge ka daga inda kake."

Tanko ne ya jefa masa igiyar ɗaure kaya, mu uku muka ja. Ya fito, takalminsa ɗaya bai fito ba. Yana can Kwara har yau.

Fatakwal gari ne da ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo, ba ya kuma ban kwana. Muka sauka unguwar Diyobu a jiƙe. A wata rumfa aka ba mu miya cike da ƙananan dodon koɗi, wai a tsotsa a tofar da ɓawon. Bulus ya tauna ɗaya, ya ce ƙasar da ake sa tsakuwa a miya da gangan sai addu'a. Muka tambayi mahauta, aka kai mu tare da Tanko wurin Sarkin Fawa, Malam Inuwa, wani ƙaƙƙarfan tsoho Bakatsine, yana zaune a rumfa kusa da mayanka. Muna cikin gaisuwa sai ga mutum ya fito da cinyar sa a kafaɗa. Tafiyar babanmu ce. Na ce, "Istifanus." Ya tsaya cik, nama ya zame ya faɗi a ƙasa.

"Yaya," in ji shi. Bai matso ba. Ni na je na kama shi.

Da muka zauna ya ba mu labari, idonsa a ƙasa. Lokacin kashe-kashe wani tsoho da suke sujada tare a majami'a ya ɓoye shi a bukkarsa ta kamun kifi, can cikin fadama, ya zauna yana banda kifi. Da aka ci garin ya fito, sai aka kama shi. Mutum da gajeren wando, yana jin Hausa yana jin Ibo, sunansa na Kirista, ba wanda ya san shi: aka ce ɗan leƙen asiri ne, aka zaunar da shi a bakin hanya cikin waɗanda za a tafi da su. Mahauta sun komo a lokacin. Sarkin Fawa ya gan shi ya ce yaronsa ne, Isiyaku, ya cire rigarsa ya jefa masa. Mai bindiga ya dube shi ya ce, kai Musulmi ne?

"Na ce i, Yaya. Da bakina. La'asar ta yi, na shiga sahu yana kallo."

"To bayan nan fa?" na ce. "An gama yaƙi, hanya ta buɗe. Inna tana nan."

"In zo in ce mata me? Ina yaro na ji Baba Haruna ya karanta ayar, ban manta ba. Na yi musu a gaban mutane. Ƙofa ta rufe."

Sarkin Fawa ya gyara zama. "Bari in faɗa muku tsakani da Allah. Mu ba mu musuluntar da shi ba, riga muka ara masa. Addini kuwa ba a aronsa. Tun da ƙura ta lafa nake ce masa, Isiyaku, fita daga sahun nan ka nemi naku. Sai in waiwaya in gan shi a baya kamar maraƙin da aka sayar da uwarsa. Har yau bai iya zaman tahiya ba, in an yi ruku'u shi durƙusawa yake yi. Don Allah ku ɗauki abinku, yana karkata mana sahu."

"Ba ni da wani wurin tsayawa ne, Baba," in ji Istifanus.

Bulus ya matso da takalminsa ɗaya da wani na aro. "Ɗana, share hawayenka. Ba ka taɓa fita daga hannu ba. Ko sau dubu ka ce i, an riga an rubuta ka."

"Baba Bulus, kai kowa haka kake ce masa. Ka faɗa wa ɓarawon akuyar Inna ma." Ya juya. "Baba Haruna nake so in ji."

Haruna ya daɗe yana shafa gemu. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ce, "Ayar tana nan, Istifanus. Ba ni na rubuta ta ba, ba ni da ikon gogewa."

Ƙanena ya gyaɗa kai, ya miƙe zai koma bakin aiki. Na ga tafiyarmu ta tashi a banza, na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna.

Sai aka kira azahar. Mahauta suka fara wanke hannu. Sarkin Fawa ya dubi farin gemu ya ce, "Malam, bismilla." Hannun Haruna ya tafi cikinsa da kansa, ɗaya hannun ya kai ga buta. Har ya ɗaga ta. Sai ya ga Istifanus ya tsaya yana kallonsa. Ya ajiye butar a hankali.

"Sarkin Fawa, ni ba malami ba ne. Ni Kirista ne, dattijon ikkilisiya. Cikina kuma lafiyarsa ƙalau, ko in ce dā lafiyarsa ƙalau."

Ya faɗa da ƙarfi, ya rufe ido kamar mai jiran sara.

"To madalla," in ji Sarkin Fawa. "Ai mun sani, direbanku ya gaya mana. Tanko, kawo saƙon."

Tanko ya kwance tsumman nan na Inugu. Kwalba ce cike da jiƙon maɗaci. Ya ce Alhaji Garba yana gaida Malam. Tun ranar farko Alhaji ya gane, don ya ji Malam yana addu'a a kan kaza da sunan Yesu. Ya so ne ya ga iyakar inda dattijo zai kai. Ya ce in Malam ya faɗi gaskiya a hanya a ba shi kwalbar ta zama tsaraba, in bai faɗa ba a ci gaba da ba shi sau biyar.

Mahauta suka yi dariya har wani ya zubar da ruwan alwalarsa. Bulus ya kwanta a kan benci. Haruna bai yi dariya ba. Ya karɓi kwalbar, ya je ya tsaya gaban ƙanena.

"Kai da bindiga a kanka ka ce i sau ɗaya. Ni saboda gado da kaza na yi kwanaki ina ɓuya a bayan gida. In ƙofa ta rufe maka, ni an sa mata sakata. Amma wanda ya yi musu sau uku kafin zakara ya yi cara, an karɓe shi har an ba shi kiwon tumaki, wannan ma a rubuce yake, ban cika karanta muku ba ne. Ɗauko kayanka mu je mu ƙwanƙwasa tare."

"Abin da nake faɗa ke nan tun daga gida," in ji Bulus.

"Ba shi ba ne! Ni na ce ya faɗi ya tashi. Kai ka ce bai faɗi ba."

"Ya faɗi a cikin hannu."

Suna wannan Istifanus ya cire rigar aro ya ninke ya miƙa wa Sarkin Fawa. Tsohon ya ture hannunsa. "Tafi da ita. Ka gaida tsohuwa, ka ce mata ɗanta ya iya fiɗa, salla ce dai ba rabonsa ba."

A hanyar komowa, bisa buhunan garin rogo, na yi ta juya abin a raina. Ni ba mai ilimi ba ne, amma da yake a hankali nake karatu, na ga ayoyin Haruna suna nan, na Bulus ma suna nan, bango ɗaya ya rufe su. Sai na ga kamar jakar mai magani ce, da maɗaci a ciki da zuma. Bulus da ya kamata ya sha maɗaci yana ta lasar zuma, ƙanena da zuma za ta tayar ya shekara yana shan maɗaci. Ban faɗa musu ba, don da na faɗa da sun haɗu sun rufe ni.

Muka iso gida da hantsi. Inna tana zaune a gindin bango. Dattawa suka tsuguna za su ba da rahoto, Haruna ya ce ya ɓata an same shi, Bulus ya ce bai taɓa ɓata ba, murya ta fara hawa. Inna ba ta ko juya wajensu ba. Ta lalubi fuskar Istifanus, ta shafa goshi, ta shafa kunne, ta kai ga tabon da ya samu a rijiya yana yaro.

"Ku je waje ku ƙarasa," in ji ta. "A ɗora mini tuwo."

Lahadin da aka yi Jibi, mutum uku suka tsaya gaban ikkilisiya neman gafara: Istifanus, da Haruna, da Bulus saboda bammin Anaca, ko da yake shi ya ce rakiya ya yi. Da aka zo rabawa, Haruna ne ke riƙe da farantin gurasa. Ya iso kan ƙanena, ƙanena ya sunkuyar da kai, hannunsa a cinya. Haruna bai wuce ba. Ya tsaya, jama'a suna jira, fasto yana tari, har Istifanus ya miƙa hannu ya ɗauka. Inna tana gefensa, tana riƙe da bakin rigar Sarkin Fawa. Da ta ji hannunsa ya motsa, sai ta miƙa nata.